KAKA MAKARANTA CE: KIRA GA MAGIDANTA SU FITA GONA DA 'YA'YANSU

  

Ya ku 'yan uwa masu karatu, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo ta nufi Gwarzo a tsakanin watan Oktoba da na Disamba, ba ya bukatar a gaya masa cewa kaka ta kama. Gero ya daɗe da shiga rumbu, an cire gyaɗa an kifa ta tana shan rana, wake ya bushe yana jiran masu roro, dawa kuwa ta sunkuyar da kai saboda nauyi. Daga Jama'a zuwa Kutama da Getso da Lakwaya, daga Garo zuwa Gude da Durun da Kanwa, da wuya ka shiga gidan da ba a jin ƙamshin sabon hatsi. Shamuwa ta yi ƙaura, ruwa ya ɗauke, zafin bazara yana nesa, sanyin hunturu kuma bai riga ya tsananta ba. A duk shekara babu lokacin da ya fi wannan daɗin wuni a waje.

Tambayar da muke son kowane magidanci ya yi wa kansa ita ce: a cikin waɗannan makonni ina 'ya'yana suke wuni, kuma wa yake tare da su?

YARA KASHI UKU

Idan muka dubi halin da yaranmu suke ciki da kaka, sai mu ga sun rabu kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda aka cire daga aji aka mayar da su 'yan ƙwadago. Zangon farko na makarantun boko yana farawa a watan Satumba ya ƙare a Disamba, wato ya faɗa daidai kan girbi. Malaman firamare na ƙauyukanmu sun san yadda aji yake ramewa da zarar an fara roron wake. Yaro ya ɓace mako uku ko huɗu, wani ma a gonar wani yake wuni saboda 'yan kuɗin da zai kawo gida, sannan ya dawo ya tarar da jarrabawa a bakin ƙofa. Makarantun Islamiyya su ma ba su tsira ba. Alhali kuwa tun 2004 dokar ƙasa ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 na farko, addini kuma ya riga doka wajabta neman ilimi.

Kashi na biyu su ne 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa na cikin gari. Uban yana da gona, amma haya yake bayarwa a nome masa, mota ta kawo buhuna ta sauke a zaure. Yaro ya kai shekara 12 bai san iyakar gonar gidansu ba, bai iya bambance kaura da farafara ba, amma ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila da na Sifen. Wuninsa tsakanin wayar hannu ne da gidan kallo.

Kashi na uku su ne waɗanda aka saki ba linzami. Da rana suna daji suna cinna wa ciyawa wuta don neman ɓera da gafiya, wutar da sau da yawa takan lashe damman bayin Allah da harawar dabbobinsu. Da dare kuma suna dandali wurin kalankuwa ko dambe, inda caca da shaye-shaye da cakuɗar maza da mata suka zama ruwan dare.

Abin da ya haɗa waɗannan kashi uku abu ɗaya ne: babu uba a gefensu. Na farko an aike shi, na biyu an ajiye shi, na uku an manta da shi. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, ya kamata kowane magidanci ya ware wasu ranaku a cikin kaka, waɗanda ba su ci karo da makaranta ba, ya fita gona da iyalinsa da ƙafarsa, su yi aiki gwargwadon ƙarfin yara, su yi wasa, su ci abin da gona ta bayar, su yi salla tare idan lokacinta ya yi, kuma a fitar da zakka a kan idonsu.

SHIN WASA ƁATA LOKACI NE?

Mun san akwai 'yan uwa masu kishi waɗanda da sun ji kalmar wasa sai su ɗaure fuska, suna ganin yaron kirki shi ne wanda daga allo sai tabarma. Muna tunatar da su cewa tsananin da ba shi da dalili shi ma ƙari ne a cikin addini.

A cikin Suratu Yusuf, aya ta 12 da ta 13, 'ya'yan Annabi Yaƙubu (A.S.) sun nemi ya bar ƙaninsu ya bi su daji ya wala ya yi wasa. Annabin Allah bai ce musu wasa haramun ne ba. Abin da ya ambata shi ne baƙin cikin rabuwa da yaron, da tsoron kada kerkeci ya cinye shi su kuwa sun shagala. Ashe damuwar uba ita ce tsaro da amincin waɗanda yaro zai fita da su. Wannan ita ce ƙa'idar da muke kira a kanta.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha (R.A.) a halin tafiya, ta tsere masa, bayan wasu shekaru suka sake shi kuma ya tsere mata. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda ya tsaya ya kāre ta da mayafinsa tana kallon mutanen Habasha suna wasa da māsu a cikin masallaci. Sun kuma ruwaito yadda yake zolayar ƙaramin ƙanin Anas ɗan Malik (R.A.) yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Idan shugaban al'umma, da duk nauyin da ke kansa, ya sami lokacin tsere da iyalinsa da hira da yaro a kan tsuntsu, wane aiki ne ya fi nasa girma da zai hana mu?

Masana lafiya ma sun zo da abin da ya dace da wannan. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum. A Amurka da ƙasashen Turai kuwa, idan kakarsu ta zo, mutanen birni kuɗi suke biya don a bar 'ya'yansu su shiga gona su tsinki tuffa ko su ɗauki kabewa da hannunsu. Abin da wasu suke saye da kuɗi, mu Allah Ya ajiye mana shi a bayan gari kyauta.

ABIN DA GONA TAKE KOYARWA

Darasi na farko shi ne tunani a kan halittar Allah. Ka ɗauki zangarniyar dawa ka ba yaro ya gwada ƙirga ƙwayarta, sannan ka nuna masa ƙwaya ɗaya ka ce daga irin wannan ta fito. Ka tsayar da shi a gindin gawo ka tambaye shi me ya sa wannan itace yake kaɗe ganyensa da damina lokacin da sauran itatuwa suke kore, sannan ya yi sabon ganye idan ruwa ya ɗauke. Ka bayyana masa cewa da haka ne ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma su zama abincin dabbobi da rani. Yaron da ya ga wannan tsari da idonsa ba zai sha wahalar gane darasin tauhidi a aji ba, domin gani ya kori ji.

Na biyu, sanin ƙasa da abin da ke cikinta. Yaro ya san kanya da magarya da kurna da aduwa da tsamiya da kuka, ya san wadda ake ci da wadda ake magani da ita. Ya san iyakar gonar gidansu da sunan maƙwabcin gabas da na yamma. Shari'o'in gado da rikicin iyaka nawa ne suka raba zumunci saboda uba ya rasu bai taɓa zagaya gona da 'ya'yansa ba?

Na uku, aiki daidai da shekaru. Ɗan shekara biyar ya tsinci gyaɗar da ta zube, ɗan shekara takwas ya yi roron wake ya tara karmami, wanda ya tasa a koya masa ɗaurin dami da jera shi a rumbu. A nan ne za a ba su labarin shawarar da Annabi Yusuf (A.S.) ya bai wa mutanen Masar a aya ta 47, cewa su bar hatsin da suka girbe a cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci, a nuna musu cewa hikimar nan ce kakanninmu suke bi da suke zuba dawa a rumbu ba tare da an sussuke ta ba. A kuma faɗa musu bisharar da ta zo a Buhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce a gare shi. Idan an kira gayya a unguwa a tafi da manyansu, su ga da idonsu cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, wasa da walwala. Idan an gama abin da aka zo yi, a hura wuta a wuri mai tsabta a gasa masara, a dafa gyaɗa da gurjiya, a sha takanɗa. Gonar da aka girbe fili ce ta tsere da langa da kokawa, muddin babu laya, babu caca, babu buɗe tsiraici. Karan dawa kuwa kayan sana'a ne: da shi yaran ƙasar Hausa suke ƙera mota da keke da tabarau tun kafin kayan wasan roba su shigo, kuma yaron da ya iya auna kara ya fere shi ya haɗa mota mai ƙafa huɗu ya fara koyon ƙira ke nan. 'Yan mata su yi carafke da 'yar galagala a inuwa. Da sanyin safiya a yi kamun fara, wadda halal ce kuma abinci ce mai gina jiki, amma a nisanci gonar da aka yi wa feshi. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta ta ɓullo daga gabas, a ba su ƙissoshin Annabawa.

A FITAR DA ZAKKA A KAN IDONSU

Wannan shi ne babban darasin kaka. Allah (S.W.T.) Ya yi umarni a Suratul An'am, aya ta 141, da a bayar da haƙƙin amfanin gona a ranar girbinsa. Nisabin hatsi wasaƙi 5 ne, kowane wasaƙi sa'i 60, jimla sa'i 300, abin da wasu malaman zamani suka ƙiyasta da kimanin kilo 650. Idan ruwan sama ne ya shayar da gonar, ɗaya bisa goma ake fitarwa. Idan kuwa da inji ko da wahalar ban ruwa aka noma ta, kamar yadda masu noman rani suke yi a bakin madatsun ruwa, to ɗaya bisa ashirin ne. Mai Risala, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ya bayyana cewa gero da dawa da shinkafa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa shi da wani don cika nisabi, amma dangin wake ana haɗa su.

Duk wannan ana karanta shi a Islamiyya, yara su haddace su manta. Amma ka sa ɗanka ya ƙirga damman da kansa, duk goma ya jawo ɗaya gefe, sannan ya bi ka ku kai gidan wanda ya cancanta cikin sirri da mutunci. Wannan yaro ya koyi lissafi, ya koyi fiƙihu, ya koyi tausayi a wuni ɗaya, kuma da wuya ya girma ya hana zakka. A karanta musu labarin masu gonar nan da ke Suratul Ƙalam, aya ta 17 zuwa ta 33, waɗanda suka ƙulla yin sammakon girbi don kada miskini ya riske su, suka wayi gari gonar ta ƙone ƙurmus. A kuma koya musu kada su kori masu kala, domin abin da ya zube a bayan masu girbi tun da can rabon marayu ne da tsofaffi.

KERKECIN ZAMANINMU

Tun da tsaro shi ne sharaɗi, wajibi ne mu ambaci abubuwan da za a kiyaye, domin rigakafi ya fi magani.

Na ɗaya, ruwa. Yankinmu yana da madatsu irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, ga kuma babbar madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye da aka kammala a 1992, kuma da kaka duk a cike suke. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Kada yaro ya kusanci ruwa sai da babba, kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Wanka a ruwan da ba ya gudu kuma shi ke kawo tsargiya. Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, kada a ɗauka alamar balaga ce.

Na biyu, maciji. Lokacin girbi yana cikin lokutan da aka fi samun sara, domin kububuwa da sauransu sukan ɓuya a ƙarƙashin dami da tarin harawa. Yaro ya sa takalmi, kada ya zura hannu a rami, a ɗaga dami da sanda tukuna. Idan tsautsayi ya faɗa, a hana shi tafiya da ƙafa, a garzaya da shi asibiti, a bar tsaga da tsotsa da ɗaure gaɓa tamau.

Na uku, inji da magani. Injin casa ba wurin yaro ba ne. Maganin feshi da ƙwayar da ake sa wa wake don ƙwari guba ne, kada a ajiye su ko hatsin da aka sa wa a ɗakin da yara suke kwana.

Na huɗu, hanya da lokaci. Kada a bar ƙananan yara suna gadin shanya a bakin kwalta. Garuruwan da ke kusa da iyakar Katsina kuma su lura da halin tsaro: a fita cikin jama'a, a zaɓi gonakin kusa da gari, a dawo kafin la'asar sakaliya.

AMSA GA MASU UZURI

Wani zai ce ba shi da lokaci. Ba mu ce kullum ba. Safiya ɗaya a mako, ko yammacin Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta wadatar. Wanda yake samun awa biyu a majalisa kowane dare ba zai rasa awa uku a mako ba.

Wani zai ce talauci ne ya sa ya cire ɗansa daga aji, domin ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago. Wannan uzuri ne mai nauyi, ba kuma za mu raina shi ba. Amma akwai Asabar da Lahadi, akwai bayan an tashi daga makaranta, akwai gayya tsakanin maƙwabta. Kwanon waken da yaro zai roro a lokacin darasi ba zai biya zangon da ya rasa ba.

Wani zai ce ba shi da gona. To, ɗan uwanka yana da ita, maƙwabcinka yana da ita, kuma babu manomin da zai ƙi ƙarin hannu da kaka.

Wani kuma zai ce 'ya'ya mata da uwarsu fa? Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa 'yar'uwar mahaifiyarsa tana cikin idda ta so fita girbin dabinonta, wani mutum ya hana ta, Manzon Allah (S.A.W.) ya ba ta izini, yana mai fatan za ta yi sadaka ko wani alheri da shi. Mace cikin suturarta, tare da mijinta da 'ya'yanta, a gonar gidansu, babu abin zargi a kanta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma ita ma 'ya mace tana gadon gona, zakka tana hawa kanta.

KIRA

A ƙarshe muna kira ga limamai su tunatar da wannan a huɗubobinsu na kaka. Muna kira ga shugabannin makarantun Islamiyya na Gwarzo da Kabo su ware rana ɗaya a wannan zango, da izinin iyaye, su kai ɗalibai wata gona ta kusa a yi darasin zakka a gaban dami da mudu. Muna kira ga dagatai da masu unguwanni su tsawata a kan ƙona daji da tarukan dare. Muna kira ga matasan da ke shirin tafiya cin rani su ba ƙannensu waɗannan 'yan kwanaki kafin su ɗauki jaka. Kiranmu mafi girma kuwa ga magidanta ne, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kaka kuma ba ta jiran kowa. Nan da 'yan makonni za a kwashe kara, shanu su shiga gonaki, sai kuma baɗi ga mai rabon gani.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da muka noma, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya kāre su daga sharrin ruwa da na daji da na miyagun abokai, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.